Yadda ake renon tsofaffin airis masu gemu ba tare da sun ruɓe ko sunansu ya ɓata ba

Airis mai gemu furen ƙasashen sanyi ne: Turai, Turkiyya, Arewacin Amurka da makamantansu. Larabawa suna ce masa susan. Furen yana da fallaye shida, uku a tsaye sun haɗa kai sama, uku sun sunkuyo ƙasa, a kan kowane mai sunkuyo kuwa akwai ɗan layin gashi kamar na buroshi. Wannan gashin shi ne gemun. Ganyensa dogo ne kamar takobi, ya jeru ya baje kamar mafici, a ƙarƙashinsa kuma akwai saiwa mai kauri da ke kwance, wadda duk wanda ya san ɗanyar citta zai gane siffarta nan take. Daga cikinta siraran jijiyoyi ke nutsawa ƙasa. A nan gaba idan an ce saiwa, wannan mai kaurin ake nufi, ba siraran ba.

Masu wannan harka suna kiran iri tsoho ne idan ya shekara 30 ko fiye da fitowarsa kasuwa. Ma'aunin da ƙungiyar adana tsofaffin airis ta HIPS, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ke amfani da shi ke nan. Sai dai waɗanda aka fi ji da su sun girmi haka nesa ba kusa ba, wasu tun ƙarni na 19.

Jagoran nan na wanda yake da ɗan fili ne a ƙasar da ake hunturu na gaske. Airis mai gemu yana bukatar watannin sanyi kafin ya haɗa fure, kuma zafi tare da laima shi ne ajalinsa, don haka a ƙasa mai zafi inda damina ke zuwa da gumi yakan tsaya a ganye ko ya ruɓe. Watannin da aka ambata na arewacin duniya ne. Wanda ke Afirka ta Kudu ko Ostareliya sai ya ƙara wata shida.

Tun farko a san wani abu: waɗannan furanni sun rayu shekaru aru-aru a kufai da maƙabartu babu mai ba su ko ɗigon ruwa. Akwai ma wani farin iri, Iris albicans, ɗan asalin yankin Larabawa, da ya bazu a ƙasashen Bahar Rum saboda ana dasa shi a kan kaburburan Musulmi. Rashin kula ba kasafai yake kashe su ba. Binnewa, ban ruwa da taki su ke kashe su.

Wane iri za ka fara da shi

Tsofaffin ba tsatso ɗaya ba ne, kuma sanin tsatson yana hana asara. Na ƙarni na 19 galibi sun fito ne daga haɗin iri biyu na daji: Iris pallida mai shuɗi-shuɗi da ƙanshi, da Iris variegata mai ruwan ɗorawa da zane-zane. Furanninsu ƙanana ne, saiwarsu siririya, wani lokaci ba ta wuce kaurin babban yatsa ba. Idan an aiko maka irin wannan kada ka ce an cuce ka, haka halittarsu take. Su ne kuma mafi juriya. 'Honorabile', wanda Lémon ya fitar a Faransa a 1840, sama ruwan ɗorawa ƙasa ruwan makuba, yana jure sanyin da ke kashe na zamani. 'Mme. Chereau' na 1844, shi ma na Lémon, fari ne da aka bi gefen fallayensa da shuɗin zane kamar aikin allura a wuyan riga. 'Flavescens' na 1813 yana da ruwan ɗorawa mai haske, kuma da wuya ka ga abin da ya dame shi. 'Quaker Lady' na Bertrand Farr, 1909, launinsa kamar hayaƙi ya gauraya da shunayya, a hoto ba ya burgewa, sai an gan shi da hantsi.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka fara shigo da manyan iri daga Turkiyya da gabashin Bahar Rum, masu ƙwayoyin gado 48 maimakon 24. Jikokinsu sun fi tsayi, fure ya fi girma, falle ya fi kauri. 'Alcazar' na kamfanin Vilmorin, 1910, da 'Dominion' na Arthur Bliss, 1917, suna cikin na farko-farko. Ga mai koyo, 'Indian Chief' na 1929 da 'Wabash' na Mary Williamson, 1936, sun fi dacewa: na farkon ja-ja ne mai yaɗuwa kamar ciyawa, na biyun sama fari tas, ƙasa shunayya mai duhu da siririn farin gefe, shi ya ci lambar Dykes, babbar lambar yabon airis, a 1940.

Inda ake taka-tsantsan shi ne waɗanda aka haifa a Kalifoniya daga tsatson ƙasashe masu ɗumi, irin su 'Purissima' na 1927. Sukan ci gaba da girma cikin hunturu, sanyi mai laima ya same su da ɗanyen ganye, su ruɓe. Idan kana inda ƙasa ke daskarewa ta narke ta sake daskarewa, bar su sai hannunka ya faɗa.

Wuri da ƙasa

Rana ita ce sharaɗi na farko: awa shida a kalla kowace rana, kai tsaye, ba ta tsakanin rassan bishiya ba. A Ingila da arewacin Jamus, inda rana ke rowa, ba shi wuri mafi zafi a gidan, kamar gindin bangon da ke fuskantar kudu.

Na biyu, kada ruwa ya kwanta. Gwajin mai sauƙi ne: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, ka dawo bayan 'yan awoyi. In har ruwan na nan tsaye, wurin fadama ne a idon airis. Maganinsa kunya, kamar yadda ake yi wa dankali: ɗaga ƙasar santimita 10 zuwa 15 sama da kewayenta. In yumɓu ne, gauraya shi da ƙananan tsakuwa da ruɓaɓɓen taki wanda ya riga ya zama baƙar ƙasa. Kada ka zuba lallausan yashi kaɗai a kan yumɓu, yakan ƙara masa tauri ne. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji kuwa kada ya kusanci saiwar ko kaɗan.

Ya fi son ƙasar da ba tsami ba kanwa, ma'aunin pH kusan 6.5 zuwa 7. In gwaji ya nuna tsami ya yi yawa, a barbaɗa farar ƙasar noma makonni kafin dashe. A kafce wurin zurfin santimita 25 zuwa 30, a tsince jijiyoyin ciyawa masu naci ɗaya bayan ɗaya, domin da zarar sun sarƙe cikin saiwar airis babu yadda za a raba su sai an tone komai. Sannan a bar ƙasar mako biyu ta zauna.

Dasawa

Lokacinsa daga Yuli zuwa Satumba. Ƙa'idar ita ce ya samu a kalla mako shida kafin ƙasa ta fara daskarewa, don sababbin jijiyoyi su kama. Wanda ke Kanada ko arewacin Amurka ya gama tun a Agusta.

Saiwar da aka saya takan zo a bushe, ganye a yanke, baki-bakinsa ya yi ruwan ƙasa, kamar abin da za a watsar. Ba komai. Matsa ta da yatsa: in da tauri kamar ɗanyen dankali, tana da rai. In ta lotsa ko tana wari, a yar.

Haƙa rami mai faɗin santimita 25, zurfin 10. A tsakiyarsa tara ɗan tudu har ya kusa daidai da bakin ramin. Ɗora saiwar a kan tudun kamar sirdi a bayan doki, jijiyoyin su zubo hagu da dama. Mayar da ƙasa a kan jijiyoyin, danna da hannu sosai har in ka ɗan ja ganyen ba za ta motsa ba. Bayan saiwar ya zauna a fili yana kallon sama, ko dai ƙasar da ta rufe shi ta zama 'yar shafa kawai. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, domin hannun da ya saba da shuka ba ya yarda ya bar abu a waje. Saiwar da aka binne santimita 5 za ta ba ka ganye kore shar shekara da shekaru ba fure ko ɗaya, in ma ba ta ruɓe ba. Inda kawai ake rufe ta shi ne ƙasa mai rairayi a wuri mai tsananin rana, nan ma kada ya wuce santimita 2.

Ka lura da inda maficin ya fuskanta, don ta can shukar za ta yi tafiya. Saiwar tana girma ne ta gefen ganye, gindin kuma yana tsufa a baya. A ƙasashen da rana ta yi ƙaranci, sa ganyen ta arewa, saiwar ta kudu, don kada ya yi mata inuwa. Tazara tsakanin ɗaya da ɗaya santimita 30 zuwa 45 in iri ɗaya ne. Tsakanin iri daban-daban kuwa bar santimita 60 ko fiye, dalilin yana zuwa a ƙarshe. Ba shi ruwa sosai ranar dashe, sannan sau ɗaya a mako in ba a yi ruwan sama ba, har ka ga sabon ganye ya leƙo daga tsakiyar maficin. Daga nan janye hannunka.

A hunturun farko sanyi kan tura sabuwar saiwa waje, ka tarar da ita a kwance jijiyoyi a sama. Ɗora mata rabin bulo ko dutse tun a Nuwamba, ka ɗauke in ɗumi ya fara shigowa. In ta riga ta fito, kada ka danna ta da ƙafa, jijiyoyin za su tsinke. Tara mata ƙasa a gefe.

Abin da yake bukata cikin shekara

Kaɗan ne. Taki sau biyu: farkon Maris ko Afrilu lokacin da ganye ya fara motsi, sai kuma wata ɗaya bayan fure ya ƙare. Nemi wanda lambarsa ta farko cikin ukun da ake rubutawa a buhu, wato ta naitirojin, ta fi ƙanƙanta, kamar 5-10-10 ko 6-10-10, gram 50 zuwa 70 a kowane murabba'in mita. Barbaɗa shi a kewaye, kada ya taɓa saiwar. Yuriya da takin da ake zuba wa ciyawar tsakar gida ba nasa ba ne: suna kumbura saiwa ta yi laushi, ruɓa ta samu ƙofa. Tsofaffin na ƙarni na 19 ma, in ƙasar na da ɗan ƙarfi, sau ɗaya ya ishe su.

Kada a lulluɓe saiwar da ɓawon itace ko busasshen ganye kamar yadda ake yi wa sauran furanni, kuma kada a bar wata shuka mai yaɗo ta hau kanta. Ciyawa da hannu ake cire ta. Fartanya tana yanke jijiyoyin da ke kusa da sama.

Manyan, waɗanda tsayinsu ya haura santimita 70, suna fure ne a Mayu zuwa farkon Yuni. Kowane fure kwana biyu zuwa uku yake yi, amma kara ɗaya na ɗauke da da yawa masu buɗewa bi da bi. Wanda ya yanƙwane a tsinke shi. In karan ya gama gaba ɗaya, yanke shi daga gindi dab da saiwa, a ranar da babu ruwa don wurin ya bushe da wuri. Koren ganye kuwa a bar shi, shi ke tara abincin furen baɗi. Al'adar aske ganye duk bayan fure ba ta da amfani. Lokacin dashe kaɗai ake yin ta.

Rabawa

Kowace saiwa sau ɗaya take fure a rayuwarta. Bayan nan sai ta fitar da 'ya'ya a gefe, su ne za su yi na gaba, ita kuma ta zauna a tsakiya ba ganye. Cikin shekara uku zuwa huɗu sai ka ga tsakiyar ya zama tarin tsofaffin saiwoyi sun hau kan juna, ganye ya koma da'ira, fure ya ragu. Lokacin rabawa ya yi. Masu saurin yaɗuwa irin 'Indian Chief' ba sa ma kai haka.

Mako shida zuwa takwas bayan fure, sa shebur mai yatsu ka ɗaga tushen gaba ɗaya, ka kakkaɓe ƙasar. Da wuƙa mai kaifi ko da hannu, ɓalle 'ya'yan da ke gefe, kowanne da maficinsa da jijiyoyinsa farare masu ƙwari. Uwar, wadda za ka gane ta da tabon tsohon karan fure, a yar da ita, sai fa in irin mai wuyar samu ne: ita ma in aka dasa ta a gefe takan sake tsiro, sai dai fure zai ɗauki shekara biyu. Yanke ganyen ya rage santimita 15, tsakiya ya fi gefe tsayi, don kada iska ta riƙa jijjiga shukar kafin ta kama. Bar su kwana ɗaya ko biyu a inuwa wurin yankan ya bushe. Sa safar hannu, ruwan jikinsa yana sa wasu ƙaiƙayi, kuma saiwar guba ce in aka ci, a kiyaye yara da dabbobi, musamman da yake ta yi kama da citta.

Iri ɗaya ake tonewa a lokaci guda. A gama da shi, a rubuta sunansa a jikin kowane ganye da alƙalamin da ba ya gogewa, kafin a taɓa na gaba.

Ruɓa, tsutsa da tabo

Ruɓar saiwa hancinka zai fara sanar da kai. Maficin ya yi rawaya daga gindi, ka ja shi ya biyo hannunka ba gardama, ƙasansa ya zama kamar kunu, da wari irin na ruɓaɓɓiyar albasa. Bakteriya ce, Pectobacterium carotovorum, tana shiga ta rauni, tana kuma son zafi da laima. In ka kama ta da wuri ba sai ka tone ba: janye ƙasar da ke kewaye, sa cokali ka kankare duk mai laushin har ka kai farin nama mai tauri, kada ka ji tausayi. Zuba wa wurin ruwan bilic na wanki da aka surka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ka bar shi a buɗe rana ta gasa shi. In ta ci da yawa, tone, yanke, jiƙa a wannan ruwan minti goma, ɗauraye, shanya kwana biyu, ka dasa a wani wurin. Wuƙa da cokalin ma a tsoma su kafin su taɓa wata shukar. Sannan ka tambayi kanka me ya jawo: zurfi, taki, ko ruwa mai kwanciya. In ba a gyara wannan ba za ta dawo.

Tsutsar airis matsalar gabashi da tsakiyar Arewacin Amurka ce. Wanda ke Turai ba ruwansa da ita. Wani malam-buɗe-littafin dare ne, Macronoctua onusta, ke yin ƙwai a kan tsofaffin ganye da kaka. Ƙwan ya kwana hunturu a nan, ya ƙyanƙyashe da shigowar ɗumi, 'yar tsutsar ta huda ganye ta riƙa gangarawa ta ciki. A Afrilu da Mayu za ka ga gefen sabon ganye a ɓantare, da wani layi kamar ruwa ya jiƙa shi. A lokacin nan matse ganyen tsakanin yatsu biyu daga ƙasa zuwa sama ya isa ya kashe ta. In aka bar ta, zuwa Yuli ta zama ƙatuwa mai ruwan hoda, kusan santimita 5, ta ƙwaƙule cikin saiwa ta bar ɓawo, ruɓa ta biyo bayanta. Babban maganinta shara ce: kwashe duk busasshen ganye bayan sanyin farko, ka sake bi kafin ɗumi ya shigo, kuma kada ya shiga ramin taki.

Tabon ganye, ɗige-ɗige ruwan ƙasa masu rawayan gefe, funfuna ce ke kawo shi a shekara mai yawan ruwa. Muni ne da shi fiye da kisa. Yanke inda ya kama, daina watsa ruwa ta sama, rage cunkoso.

Sunan

Abin da ya raba tsohon airis da furen bakin hanya shi ne an san ko wane ne. 'Wabash' ɗin da ke gidanka ba jikan na 1936 ba ne, shi ne da kansa, an yi ta ɓallarsa hannu zuwa hannu. In sunan ya ɓata, da wuya ya dawo, don akwai ɗaruruwan iri masu shunayya da gemu ruwan ɗorawa da hoto ba ya iya raba su. Ko masana sun daɗe suna muhawara kan bambancin 'Honorabile' da 'Sans Souci'.

Ta hanya uku suna ke ɓata. Ta farko alama: ta roba rana na cinye rubutunta cikin shekara ɗaya ko biyu, sanyi ya tumɓuke ta. Yi amfani da ta ƙarfe, ka rubuta da fensir ko ka zana da ƙusa, ka binne ta biyu a gindin shukar, sannan ka zana taswirar lambun a takarda ka ajiye a ɗaki. Rubuta suna, wanda ya fitar da irin, shekara, da inda ka samo shi.

Ta biyu maƙwabtaka. Iri biyu da aka dasa kusa sukan shiga cikin juna, mai ƙarfi ya danne mai rauni, bayan shekara uku mai lambu ya rantse furensa ya sauya launi. Airis ba ya sauya launi haka. 'Flavescens' ne ko wani mai naci ya cinye wurin. Dalilin santimita 60 ɗin nan ke nan.

Ta uku ƙudan zuma. In ya yi barbara, kwanso mai kama da ƙaramar kuɓewa zai fito a karan. In ya bushe ya fashe, 'ya'yan za su tsiro a tsakiyar tushen, kuma babu wanda zai yi kama da uwar sak. Yanke kara da wuri shi ke toshe wannan ƙofar.

Sabon iri da ya shigo hannunka, kada ka raba wa kowa da sunan da aka ba ka sai ya yi fure ka gwada shi da bayanin asali. Ba launi kaɗai ake dubawa ba. Auna tsayin kara. Duba gemun, ko launinsa ɗaya ne daga baki har ciki. Duba zanen jijiya a kafaɗar falle mai sunkuyo. Duba gindin maficin: wasu, kamar 'Wabash', suna da shunayya a nan, wasu kore ne zalla. Duba rigar da ta naɗe toho kafin ya buɗe: a Iris pallida fara ce busasshiya kamar takarda tun fure bai fito ba, a wasu kore ce ko rabi da rabi. Hanya mafi tabbas ita ce ka samo wanda aka tabbatar daga wani amintaccen lambu, ka dasa su nesa kaɗan da juna, ka kwatanta a mako ɗaya. Lambun Presby da ke Montclair a jihar New Jersey, wanda aka kafa a 1927, yana da tarin tsofaffin iri da sunayensu, kuma tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni ne lokacin zuwa da littafin rubutu. In an gwada bai dace ba, rubuta masa "ba a san suna ba" tare da wurin da aka samo shi da shekarar, ka bayar da shi a haka.